Ciwon Yaya, Sunana

Masu zagina a ƙarƙashin rubutuna na baya, ku gyara zama, yau na zo muku da abin zagi mai dalili. Wadda ta ce ni marar imani ce, na gani. Wanda ya ce da shi ne yayana da ya tsinka min mari, shi ma na gani, Allah ya ba ka ƙanwar da za ka mara. Ni dai na san babu ɗayanku da ya taɓa kwanciya lafiyarsa ƙalau a gadon marar lafiya, yana jiran mutumin da zai aura ya zo ya duba shi. Ni na kwanta, ranar Asabar ɗin nan da ta wuce.

Wanda bai san farkon zancen ba, ga shi a gurguje. Mu biyu Umma ta haifa, Yaya da ni, shi ya sa kowa ke ce min Auta. Babanmu ya rasu tun ina firamare. Yaya tela ce, aurenta ya mutu shekara uku da suka wuce, ta dawo gida da kekenta. Ni sakatariya ce a wani kamfanin buga takardu, kuma abin kirki ɗaya da aikin ya tsinana min shi ne katin inshorar lafiya. Katin na mutum ɗaya ne, da sunana da wani ɗan mitsitsin hotona na ja mayafi har gira. Ni da Yaya kamarmu ɗaya, shekara huɗu ce tsakaninmu, matar da ke karɓar kati a asibiti kuwa ba ta ɗaga kai ta kalli fuskar kowa.

Ni na fara, ba zan ɓoye muku ba. Haƙori ya sa Yaya a gaba, na miƙa mata katin na ce je ki, in an kira sunana ki amsa. Daga ranar katin ya bar jakata ya koma cikin gwangwanin da ke kan firji, Umma ta raɗa masa suna katin gida. Zazzaɓi ne, ciwon baya ne, ƙaiƙayin ido ne, Yaya za ta buɗe gwangwani ta tafi, ba sai an tambaye ni ba. To wata uku da suka wuce ƙafafunta suka kumbura, ta ɗauki katin gida kamar kullum. Aka ɗebi jini, aka sake ɗiba. Likita ya ce ƙodojin duka biyu sun gaza, sai wankin ƙoda sau biyu a sati iya tsawon rai, in ba dashe aka samu ba. Har aiki aka yi mata a hannu don a sami jijiyar da za a riƙa sa allura. Ciwon a jikin Yaya yake, amma a takarda ni ce mai shi.

Ga inda abin ya cakuɗe. Dogo, mutumin da muka tsayar da maganar aure da shi nan da wata huɗu, ma'aikacin kamfanin inshorar ne. Ta nan ma muka haɗu. Ya zo ofishinmu da tulin fom, ya tsaya a kaina yana kallon yadda nake karkace takarda ina rubutu da hagu, ya ce shi bai taɓa ganin rubutun da ke tafiya yana waiwaye ba. Ban taɓa gaya masa zancen katin ba. In ya tambayi Yaya sai in ce ciwon ƙafa ne, tana ɗaki. Litinin da Alhamis ina ɗaukar uzuri a ofis in raka ta, in sami kujera can ƙarshen baranda in zauna. Nas ta ƙwala sunana, in ga yayata ta dafa bango ta miƙe tana amsawa.

Sati uku ke nan Dogo ya canza min. Kiran safe ya tsaya cak. Saƙonsa bai wuce "Ya jiki?" Ni kuma mai abin ɓoyo sai in ce "Lafiya lau." Ya ce "To." Mutumin da in ya fara surutu sai cajin wayata ya ƙare, ya koma To.

Ranar Alhamis ina zaune a barandar nan, wayar ta yi motsi a cinyata.

"Fayil ɗinki yana teburinmu. Wata ukun farko sun cika. Kafin a amince da wanki na shekara guda sai an zo gida an ga marar lafiya, a ɗauki hoton hannun da aka yi wa aiki, a ɗauki yatsa. Na karɓi aikin da kaina. Asabar, ƙarfe goma."

Ba sallama, ba ya kike. Na gane matsalar tun kafin in kai ƙarshen saƙon. Yatsan da kamfanin ya sani nawa ne, tun ranar rajista. Hannun da aka yanka na Yaya ne. Na rubuta "Dogo bari in yi maka bayani," na goge. Na rubuta "Allah ya kai mu," na tura. Ya karanta bai ce komai ba.

Da yamma na tara su a falo. Yaya na kwance a doguwar kujera, ta yi laushi tiɓis kamar yadda take yi duk ranar wanki. Umma na auna mata ruwa a ɗan kofin nan mai layi, don an hana ta wuce ƙa'ida. Kawu, ƙanin Umma, ya zo dubiya daidai lokacin sauke tukunya kamar yadda ya saba. Shi ne ya ɗauki alkawarin kai Yaya asibiti duk Litinin, kuma tun da ya yi alkawarin motarsa ba ta taɓa tashi ranar Litinin ba.

Na karanta musu saƙon. Kawu ya lashe cokali ya ce, "To ina abin tashin hankali a nan? Yaron ai namu ne. Ki kwanta, a naɗe miki hannu, ki dangwala masa yatsa ya kama gabansa."

"Kawu, hoton wurin aikin zai ɗauka."

"A ce likita ya hana a kwance bandeji. Wane marar tausayi ne zai sa hannu ya kwance wa budurwarsa ciwo?"

Na ajiye littafin da nake rubuta komai na jinyar a ciki, lokutan magani da abin da za ta ci da wanda ba za ta ci ba. Na ce ni ina da wata shawarar. Na gaya musu kamfanonin inshora huɗu na kira, a ɓoye a banɗakin ofis, ina tambaya ko za a yi wa Yaya nata katin da sunanta. Duka huɗun amsa ɗaya suka ba ni, wanda ya zo da ciwonsa sai ya jira wata goma sha biyu kafin su taɓa shi. Na ce amma na je asibitin gwamnati, akwai layin masu wanki, in aka sa sunanta na gaskiya yau wataƙila nan da wata biyar ta samu gurbi.

Umma ta ajiye kofin. "Wata biyar. Yayar taki da ba ta iya kwana biyar ba wanki?"

"Mu sayar da filin Baba mu riƙe ta kafin nan."

"Filin da ba zai kai ta wata biyu ba? Sauran ukun fa, da littafin naki za mu wanke ta?"

"Umma, ki duba ni ma. A takarda ni ce mai ciwon ƙoda har in mutu. Gobe in na yi ciki, da wane suna zan je asibiti? In na faɗi a titi aka buɗe fayil ɗina, maganin wa za a ba ni?"

"Ki fara yin auren tukuna kafin ki yi mana lissafin ciki, marar kunya."

Sai ga muryar Yaya, ko ido ba ta buɗe ba. "Ku ƙyale ta. Sunanta ne, ta karɓi abinta."

"Yaya, ni ban ce..."

"Lokacin da na bar makaranta na hau keke ina takawa har ƙafata ta yi kanta don ke ki yi karatu, ban ce ƙafata ce ba. Amma ke sunanki ne. Ki karɓa."

Wannan gorin shekara goma sha biyar ina haɗiyarsa. In na sayi takalmi sai na ji shi, in na yi dariya da ƙarfi sai na ji shi. Ranar dai ya ƙi wucewa ta maƙogwarona. Na ce, "Da kin ji maganar likitan haƙori tun da ya ce jininki ya hau, ba ki tsaya shan jiƙe-jiƙen Kawu ba, da yanzu ba ma nan. Ke kika kashe ƙodarki, ni ce zan biya?"

Kawu ya ce shi dai a bar sa shi a ciki, ya ja kwanonsa gefe. Na san na yi ɓarin baki, amma wallahi a lokacin daɗi na ji, sai daga baya abin ya dawo yana cina.

Umma ba ta mare ni ba, da ma ta mara. Matsowa ta yi har ina jin numfashinta, ta ce, "Auta, buɗe kunnenki. In yayarki ta rasa wanki ko ɗaya saboda bakinki, ban yafe miki nonon da kika sha ba. Asabar za ki kwanta."

Ku da kuke cewa in bijire, ku gaya min wadda uwarta ta faɗa wa haka ta iya cin abinci.

Asabar tun takwas Umma ta fara shirya ni. Na ciro doguwar rigata ruwan toka wadda Dogo ke so, ta fizge ta jefa kan kujera. Ta miƙo min wata koɗaɗɗiyar rigar barcin Yaya mai yagaggen aljihu, da ɗankwalin da ya sha wanki har ba a gane launinsa. Ta hana ni kwalli, ta hana ni mai. Ta lakato hoda ta goga min a leɓe don su yi fari, tana yi tana ja da baya tana dubawa kamar mai gyaran amarya. Sannan ta naɗe min hannun hagu tun daga wuyan hannu har gwiwa, daidai inda na Yaya yake.

Ɗakin Yaya warin magani yake, da na man zafi. Ga bokitin roba a ƙarƙashin gado, ga keken ɗinki an lulluɓe shi da tsohon zane, ga yadukan mutane a jibge a kai, masu su sun gaji da zuwa tambaya. Na kwanta a ramin da jikinta ya yi a katifar, har da ɗuminta.

Ita kuma aka ce ta shiga sito, bayan kicin, inda ko taga babu. Kawu ya kai mata kujera 'yar tsugunno tsakanin buhun shinkafa da jarkokin mai. Da za ta wuce ta tsaya a bakin ƙofa tana riƙe da labule, ta ƙare min kallo daga sama har ƙasa.

"Kar ki cika nishi," ta ce. "Mu masu ciwon gaske ba mu da ƙarfinsa."

Goma daidai Dogo ya yi sallama. Ba kayan da yake sawa in ya zo wurina ba ne, rigar aiki ce fara mai tambarin kamfani a ƙirji, da baƙar jaka a kafaɗa. Ya rame, gemun da yake gyarawa duk sati ya yi buzu-buzu. Ya durƙusa ya gai da Umma kamar kullum, sai dai gaisuwar ba ta da ruwa. Kawu ya tare shi da surutu, yarinyar nan ta sha wuya, ɓoye maka ta yi don kar hankalinka ya tashi, ka san mata da zurfin ciki. Dogo ya ce, "Kawu, a ba mu wuri, aiki zan yi. A bar ƙofar a buɗe."

Ya ja kujerar keken ɗinki ya zauna, ya buɗe fayil a cinyarsa. Bai kalle ni ba. Ya tambayi cikakken sunana, na faɗa. Ranar haihuwa, na faɗa.

"Ruwa nawa kike sha a rana?"

"Kofi uku, ƙaramin."

"Bayan wanki me kike ji?"

"Jiri. Da ciwon kai. Wani lokacin ƙafata ta ɗaure."

Duk na sani, ai ni nake riƙe ta in ƙafar ta ɗaure. Har na fara jin wataƙila za mu tsallake.

"Kwance bandejin."

"Likita ya ce kar a taɓa."

Sai a lokacin ya ɗago. Idonsa ja wur. Ya ciro biro daga aljihu ya miƙo min tare da fom ɗin. "To sa hannu a nan."

Kafin in yi tunani hannun da ke cikin bandeji ya riga ya miƙe ya karɓi biron. Muka tsaya muna kallon hannun, ni da shi.

"Likita ba ya yanka hannun da mutum ke aiki da shi," ya ce a hankali. "Tambaya yake yi tukuna. Ya tambayi mai ciwon, ta ce da dama take aiki, ya yanka hagu. Yana nan a shafi na shida."

A gidanmu babu wanda ya tuna ni bahaguwa ce. Umma ta sha dukan hannun nan ina ƙarama har na koyi ci da karɓar abu da dama, a ganinta ta raba ni da abin tun tuni. Rubutu kaɗai ya ƙi komawa, kuma a gidan nan ba wanda ya taɓa tsayawa ya kalle ni ina rubutu.

"Dogo..."

"Yi min shiru in gama. Ranar da fayil ɗin nan ya zo, na fita na zauna a mota awa biyu ina kuka kamar yaro. Na gaya wa mahaifiyata, ta ce in rabu da ke. Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na ce ko a kan injin wankin ƙodar kike sai na aure ki. Washegari na je aka ɗebi jinina, in ga ko ƙodata za ta yi miki. Sai a kwana na uku na samu zuciyar karanta fayil ɗin har ƙarshe." Ya rufe shi da ƙarfi. "Sati uku ina tambayar ki ya jiki. Kullum ina cewa yau za ta faɗa min. Ashe hoda kike jira a shafa miki a baki."

Kunya ta kama ni, kuma ni in na ji kunya faɗa nake yi. Na tashi zaune na ce, "Da na gaya maka me za ka yi? Kai da ko biron ofis ba ka zuwa da shi gida? Wa'azi za ka yi min yayata ta mutu?"

"Da kin gaya min da na san da wa zan zauna. Yanzu ma na sani." Ya waiga. "Ina kuka kai ta?"

Na kau da kai, ya maimaita da ƙarfi.

"Ina kuka kai matar da aka rubuta kar ta zauna cikin zafi?"

"Sito."

Ya miƙe har kujerar ta faɗi. Ya ƙwala wa Umma kira, murya ba ladabi a cikinta ko kaɗan, ya ce a fito da ita yanzu. Umma da Kawu suka rirriƙo Yaya, ta jiƙe sharkaf da gumi, ɗankwalinta ya zame. Aka zaunar da ita a gefena a kan gadonta. Umma ta zube a ƙasa tana roƙonsa ya rufa mana asiri, ya dubi maraicinmu. Ya ce, "Umma ki tashi don Allah, kin girmi wannan."

Ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya yi mana bayani kamar yana ofis. In ya rubuta abin da ya gani, Litinin babu wanki, ni a kore ni daga aiki, wataƙila har a kai ga kotu. In ya mayar da fayil ya ce ba zai iya ba, za a turo wani, wanin kuma sai ya kwance bandeji. Abin da ya rage shi ne ya ɗauki hoton hannun Yaya ba fuska, ya ɗauki yatsana, ya haɗa ya sa hannu.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan! Allah ya..."

"Umma ki bari in kai ƙarshe. A wurinmu duk ma'aikacin da ya auri wadda ya sa wa hannu a fayil, sai an sake buɗe fayil ɗin, likitan kamfani ya duba ta da idonsa. Kuma wannan takardar duk shekara ake sabunta ta. Duk shekara ni zan zo, don wani ba zai rufe ido ba." Ya juyo gare ni. "In na sa hannu yau, muddin Yaya na kan injin nan, babu aure tsakanina da ke."

Kawu ya ce, "A ɗaura a ɓoye mana! Wa zai sani?"

"Ƙarya ɗaya ta ishe ni ɗauka, Kawu."

Na ce, "To ka sa hannu, ka bar aikin."

"In na bari, baɗi wa zai zo?"

Na tambaye shi abin da ya rage min, a gaban uwata da kawuna, ba kunya. "Za ka jira ni?"

"Ban sani ba. Yau ko fuskarki ba na son gani."

Ya ciro 'yar na'urar ɗaukar yatsa daga jaka, ya kunna, ya riƙe ta a gabana. Ya ce shi ba zai kama hannuna ya ɗora ba, ni zan ɗora da kaina ko in bari. Na kalli Umma ko zan ga tausayi ko na sakan ɗaya. Umma ba fuskata take kallo ba, babban yatsana take kallo. Kawu ma haka. Yaya ce kaɗai ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta, hannun nan mai tabo a kan cinyarta, jijiyar ta taso tana harbawa.

Na tsani kowa a ɗakin nan. Na tsani Umma, na tsani Kawu da cokalinsa, na tsani Dogo da gaskiyarsa, na tsani Yaya da ƙodarta. Na ɗora yatsan. Wuta ta kawo kore, na'urar ta yi ɗan ƙara.

Ya durƙusa gaban Yaya ya ce ta miƙo hannun, ya gyara shi a kan farin zanen gado da wata irin lallaɓawa, ya ɗauki hoto biyu. Ya sa hannu, ya zuge jaka. Ya ce wa Yaya Allah ya ƙara sauƙi, ya ce wa Umma sai an jima. Ni ko kallo ban samu ba. Kawu ya bi shi har waje yana cewa ai abin ma ya zo da sauƙi, Umma ta nufi ɗakinta tana hamdala da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji.

Aka bar ni da Yaya a kan gado ɗaya. Ina warware bandejin, yana ta zuwa ba ya ƙarewa, don Umma ba ƙaramin naɗi ta yi ba. Na gama na dunƙule shi.

"Auta."

"Na'am."

"Na tambayi nas rannan. Ta ce masu irin nawa wasu shekara biyu suke yi, wasu goma, wasu har su wuce." Ta ɗago ta kalle ni, ba faɗa a idonta, ba gori. "Kina so in daɗe?"

Ga abin da ban gaya wa kowa ba sai ku. Amsar tambayar nan ba ta buƙatar tunani, ƙanwar kirki tun kafin a rufe baki za ta amsa. Ni sai da na yi shiru. Ba shiru mai tsawo ba, bai fi numfashi uku ba, amma a cikinsa na haɗa shekaruna da goma na ga abin da ya bayar. Da na ce "Haba Yaya, wace irin magana ce wannan," ta riga ta gani. Ta gyaɗa kai kawai, ta kwanta ta juya wa bango fuska, ta ce in ja mata ƙofa.

Jiya Lahadi ta ci abincinta, ta sha maganinta, har ta sa Umma ta kira masu yadukan nan kowa ya zo ya ɗauki nasa. Na ɗauka huce ta yi.

Yau Litinin. Tun bakwai mai tasi ke ƙofar gida yana danna oda. Yaya ta sa wa ɗakinta sakata ta ciki. Umma ta buga ta yi kuka ta yi roƙo, yanzu ta fita neman wanda zai ɓalle ƙofar, kuma kafin ta fita ta tambaye ni me na ce wa 'yarta. A zaune nake a ƙasa, bayana a jikin ƙofar, nake rubuta muku wannan. Na ce mata Yaya ki buɗe, wallahi ina so ki daɗe, na faɗa ya fi sau ashirin. Sau ɗaya ta amsa, muryarta a kusa da kunnena, ashe ita ma a jikin ƙofar take zaune.

"Na ji ki tun ranar Asabar, Auta. Ki sallami mai tasin."